Makon farko na ɗan tsako: abin da ke gudana a hanjinsa kafin mai kiwo ya ankara

A wajen masu kiwon kaji na Zariya, daga Samaru har Tudun Wada, akwai wata al'ada da ta zauna daram har an daina tambayar dalilinta. Da an sauke kwalin 'yan tsaki, sai a dama musu ruwa da gulukos da bitamin, a barbaɗa antibayotik a ciki, su yi ta sha kwana uku ko biyar. Dillalin da ya kawo su ma shi ke fara jan kunne: "Hajiya, kada ki yi sake, ki fara musu da magani tun yau." Babu mai mugun nufi a ciki, kowa asarar makon farko yake gudu. Sai dai abin da masana suka gano game da hanjin ɗan tsako cikin shekaru hamsin da suka wuce ya isa a sake zama a kan wannan al'ada. A daidai waɗannan kwanaki ne hanjin ke neman bakteriya ruwa a jallo, kuma waɗanda suka riga shiga suna da hannu a yadda hanjin zai ginu da yadda garkuwar jiki za ta tashi.

Ɗan tsako yana fasa ƙwai bayan kwana 21 da hanjin da bai gama haɗuwa ba, kuma kusan babu mazauni a cikinsa. Abin da ya fito da shi guzuri ne. Kwana ɗaya ko biyu kafin ƙyanƙyasa yakan janye ragowar gwaiduwa ta cibiya zuwa cikin cikinsa, kuma nauyinta kan kai har kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa duka. Ita ke riƙe shi wajen kwana uku ko bai ci komai ba, kuma da ita kamfanonin ƙyanƙyasa ke dogaro su loda shi a mota. A cikin gwaiduwar kuma akwai sinadaran kariya da uwa ta zuba masa, waɗanda ake kira IgY, masu gane cututtukan da ita uwar ta taɓa gamuwa da su ko aka yi mata rigakafinsu. Kariyar aro ce. Tana raguwa kullum, cikin mako biyu zuwa uku ta kusa ƙarewa. Kafin lokacin dole jikinsa ya fara ƙera tasa, kuma babban wurin da wannan aiki ke farawa shi ne hanji.

Wanda ya fito a ƙarƙashin uwa a akurkin gida bai san ana wata matsala ba. Tun bai bushe ba yake cusa kai cikin gashinta, yana tsattsagar ƙasar sheƙa, yana caccakar kashinta. Mai kallo zai ce ƙazanta ce, alhali gado yake karɓa: jerin bakteriyar da suka daɗe da sabawa da hanjin kaza, ɗaruruwan iri. Na cikin injin ƙyanƙyasa kuwa bai taɓa ganin kaza ba. An ɗauke ƙwan daga gonar iyaye, an turara shi da maganin kashe ƙwayoyi, ya ƙyanƙyashe a cikin tire. Duk abin da ya fara shiga bakinsa daga ƙurar injin ne, da hannun ma'aikata, da kwali, da mota. Ana gadon iri ta cikin ƙwai, shi ya sa kazar Shika Brown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar ke fitowa da halin iyayenta na ƙwai da jure yanayinmu. Mafi yawan mazauna hanji kuwa sai an haɗu ake samunsu.

Cikar hanjin tana da tsari. Masu fara sauka su ne waɗanda iskar oksijin ba ta dame su ba, irin su E. coli da danginta da Enterokokus, domin hanjin sabon tsako yana da sauran iska. Su ke shanye iskar, sai wuri ya gyaru wa waɗanda ba sa rayuwa sai inda babu ita, waɗanda kuma su ne ainihin ma'aikatan. A jakar abinci da ke gindin wuya Laktobasilos ke kafa gida, suna tsamar da abincin kafin ya gangara ƙundu. Amma cunkoson gaske yana can ƙarshen hanji, a wasu rassa biyu masu toshaffen ƙarshe da likitocin dabbobi ke kira sika. Duk mai gyaran kaza ya san su, su ne masu baƙin kashi mai wari da ake cirewa a yar. A babbar kaza, kowane giram ɗaya na abin da ke cikinsu yana ɗauke da bakteriya biliyan 10 zuwa 100. Ƙaramin hanji kan daidaita cikin kamar mako biyu, sika kuwa a tsakon inji takan ɗauki makonni shida ko fiye kafin ta yi kama da ta babbar kaza. A tuna kajin nama na yau a mako shidan nan ake kai su kasuwa.

Masu bincike a Cibiyar Nazarin Lafiyar Dabbobi ta birnin Brno, a Jamhuriyar Cek, sun gwada abu mai sauƙi suka wallafa a 2019. Sun haɗa sababbin 'yan tsaki da babbar kaza na awa 24 kacal, suka raba su. Cikin mako guda sikarsu ta cika da irin bakteriyar manya, musamman dangin Bakteroidis, waɗanda 'yan'uwansu da ba su ga kaza ba suka daɗe ba su samu ba. Mai sayar da nono ta san wannan hikima ba tare da madubin likita ba. Idan ta zuba sabuwar madara takan ɗiga mata kindirmon jiya, domin ta san madarar ba za ta zauna haka nan ba: ko dai irin da ta zaɓa ya riga kama ta ta yi kindirmo, ko wanda iska ta kawo ya riga ta lalace.

Asalin wannan fahimta daga Finlan ta fito, kuma masifa ce ta haife ta. A 1971 wata Salmonela mai suna Infantis ta bazu a gonakin kajin nama na ƙasar. Esko Nurmi da Marjatta Rantala suka lura cewa kajin da aka raina cikin tsananin tsabta, nesa da iyaye, su cutar ta fi kamawa. Sai suka ɗebo abin da ke cikin hanjin manyan kaji masu lafiya, suka tsarma shi, suka ɗura wa tsakin kwana ɗaya ko biyu, sannan suka ba su Salmonela. Ta kasa kafuwa. Sun buga sakamakon a mujallar Nature a 1973, kuma har yau da sunan Nurmi ake kiran wannan dabara. Tsakon kwana ɗaya 'yan ƙwayoyin Salmonela ƙalilan sun isa su mamaye hanjinsa, babbar kaza kuwa sai dubbai ko miliyoyi. Wani abin lura a gwajin shi ne sai an riga cutar shiga ake cin riba. Idan Salmonela ta riga ta zauna, ɗurawar ba ta fitar da ita yadda ake so.

Ta yaya ƙwayar da ba ta da haƙori ke hana wata zama? Ta hanyoyi da yawa a lokaci guda. Akwai cin wuri: bangon hanji yana da iyakar wuraren maƙalewa, wanda ya riga ya kama ya kama. Akwai cin abinci. Akwai tsami: bakteriyar sika suna narkar da ɓawon hatsi da sauran abin da kazar ba ta iya narkarwa, su fitar da wasu asid guda uku, asitet da furofiyonet da butiret, waɗanda ke sa wurin ya yi wa Salmonela da mugun E. coli wuyar zama. Butiret ɗin nan shi ya fi ɗaukar hankalina, don aiki uku yake yi. Abinci ne ga ƙwayoyin bangon hanji. Yana rage wa Salmonela kuzarin huda bango ta shiga jiki, abin da masu bincike a Jami'ar Ghent ta Beljiyam suka nuna. Sannan idan bangon hanji yana ƙona shi don samun ƙarfi, yana shanye oksijin ɗin da zai tsiyayo cikin hanji, ita kuwa Salmonela da iskar nan take samun galaba a kan sauran. Wani bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a kan sababbin 'yan tsaki, ya ƙara nuna cewa har E. coli marasa cutarwa suna da rana, domin suna rige-rigen iskar da Salmonela. Ke nan wadda muke ɗauka abokiyar gaba ce kaɗai, wasu daga cikin danginta masu gadi ne.

Ginin hanjin kansa abin mamaki ne. A makon farko hanji ya fi kowace gaɓa saurin girma, har ya fi jikin gaba ɗaya. Tsakon nama da ya zo da giram 40 ana sa ran ya ninka nauyinsa sau huɗu ko fiye a rana ta bakwai, kuma ba zai iya ba sai an fara gina masarrafar. Cikin bangon hanji cike yake da ƙananan tsirai masu tsini, waɗanda ta jikinsu abinci ke shiga jini. Tsawonsu da yawansu su ke yanke yawan abincin da kaza za ta amfana da shi daga kowane buhu. A gindinsu akwai ramukan da ke haifar sababbin ƙwayoyi, kuma waɗannan ramuka sai bayan ƙyanƙyasa suke kammaluwa. A tsakaninsu kuma akwai ƙwayoyin da ke fitar da yauƙin da ke lulluɓe bangon, ya raba shi da abin da ke wucewa. Shigowar bakteriya tana ƙara saurin sabunta bangon, tana kuma sauya irin yauƙin da ake fitarwa.

Ba a raba wannan da abinci, domin su ma bakteriyar sai tsako ya ci suke ci. A nan nisanmu da kudu yake cutar da mu. Mafi yawan manyan maƙyanƙyasai na ƙasar nan suna kudu maso yamma, musamman kewayen Ibadan. Ƙwan da ke inji ɗaya ba sa fashewa tare, tsakanin na farko da na ƙarshe akan samu awa 24 zuwa 36, kuma ba a buɗe injin sai yawancinsu sun fito. A ƙara lokacin tantancewa da rigakafi da lodi, a ƙara tafiyar dare zuwa Zariya, a ƙara zaman jiran mai kaya a shagon dillali a Sabon Gari. Wanda ake sayar mana da sunan ɗan kwana ɗaya yana iya zama ɗan kwana biyu ko uku da bai taɓa sa komai a baki ba. Binciken Zehava Uni da David Sklan da abokan aikinsu a Isra'ila ya nuna jinkirin abinci na kwana biyu yana tauye girman tsiran nan na hanji. Sun kuma ga abin da ya saɓa wa tunanin da yawa daga cikinmu: tsakon da ya fara ci da wuri ya fi saurin shanye gwaiduwar cikinsa a kan wanda aka bari da yunwa. Don haka masu cewa a bar su da ruwan gulukos zalla na tsawon yini "don cikinsu ya wanke" ƙarin jinkiri suke ɗorawa a kan jinkiri.

Ta fuskar garkuwar jiki, kaza ta bambanta da mu. Ba ta da kaluluwa irin ta mutum ko akuya, saboda haka kaso mai yawa na ƙwayoyin kariyarta a jikin hanji suke tare, a wasu dunƙulallun wurare, mafi girmansu guda biyu a bakin sika. Sannan akwai wata 'yar jaka a saman dubura mai suna bursa. A tsakiyar shekarun 1950 Bruce Glick, yana ɗalibi a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, ya gano cewa kajin da aka cire wa bursa tun suna ƙanana ba sa iya ƙera sinadaran kariya. A cikinta ake renon ƙwayoyin da ke wannan aiki. Bakinta a buɗe yake zuwa dubura, kuma duburar tsako takan yi wani motsi na tsotsa da ke jawo abin da ke waje zuwa cikin jakar. Wato jikin da kansa yake ɗebo samfurin ƙwayoyin da ke kewaye da shi ya kai inda ake horo. Ita wannan bursa ce cutar Gumboro ke lalatawa, cutar da aka fara bayyanawa a 1962 aka sa mata sunan wani gari a jihar Delaware ta Amurka, shi ya sa garken da Gumboro ta ratsa ko ya tsira yakan zama abin tausayi, kowace cuta ta zo sai ta same shi.

An san rawar bakteriya a wannan horo ne ta hanyar kiwon kaji a cikin akwatunan da ko ƙwayar bakteriya ɗaya ba ta shiga. Tun 1885 Louis Pasteur ya kawo shawarar irin wannan gwaji, yana zaton dabba ba za ta rayu haka ba. Ta rayu, amma da naƙasu. A irin waɗannan kaji, dunƙulallun wuraren nan na bakin sika ba sa cika, ƙwayoyin da ke ƙera IgA, wato sinadarin da ake zubawa cikin yauƙin hanji don ya kama ƙwayoyin cuta tun ba su taɓa bango ba, sun yi ƙaranci ƙwarai, bangon hanjin kuma siriri ne. Kuma horon ba na faɗa ba ne kaɗai. Hanjin da ya saba da baƙi masu zaman lafiya tun da wuri yana koyon kada ya tayar da kumburi a kan kowane abu, domin kumburi ma cin abinci yake yi, abincin da ya kamata ya zama nama ko ƙwai. Tsako yana fara ƙera nasa IgA ɗin da ɗan yawa ne daga mako na biyu, daidai lokacin da kariyar uwa ke janyewa. Duk abin da ya jinkirta farawar yana faɗaɗa ratar da ke tsakanin ƙarewar aro da samuwar na kai.

Gaskiya ɗaya da masu tallan bakteriya masu amfani ba sa son faɗa ita ce mazaunan nan ba kyauta suke zaune ba. Suna cin rabonsu na abinci, kuma kaurin bango da garkuwar da suke sa a gina suna da tsada. Tun ƙarshen shekarun 1940 aka gano cewa ɗan antibayotik kaɗan a cikin abinci yana sa kaji saurin girma, kuma Marie Coates a Ingila ta nuna cewa kajin da babu bakteriya a cikinsu ba sa samun wannan ƙari, alamar cewa ta kan bakteriyar maganin ke aiki. Saboda haka mai kiwon da ya ce ya ga amfanin magani ba ƙarya yake ba. Abin da ya biyo baya ne ya sa Suwidin ta haramta wannan amfani a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006: ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, a kaji da a mutane.

Mu dawo kan ruwan farko. Antibayotik bai san na gida da baƙo ba. A hanjin da ke da mazauna 'yan kaɗan, yana share masu saukin kai ya bar masu taurin kai, kuma E. coli da ta taso a wuraren da ake yawan zuba magani sau da yawa tana cikin masu taurin kan. Masu bincike a Wageningen ta ƙasar Holan sun ba 'yan tsakin kwana ɗaya amoksisilin na awa 24 kawai, suka wallafa a 2017 cewa sun ga sauyi a yadda garkuwar bangon hanji ke ginuwa har zuwa kwana 14, bayan an daɗe da janye maganin. Na yini ɗaya ke nan, mu kuwa uku ko biyar muke yi. A ganina, ba wa lafiyayyen tsako antibayotik don kawai ya iso daga tafiya ciniki ne da ba a lissafa faɗuwarsa, domin ba a makon take fitowa ba. Sai can a mako na uku ko na huɗu a ga zawo ya ƙi tsayawa, ko garke ya rabu manya da ƙanana, ko abinci na tafiya nauyi bai zuwa, a ɗora laifin a kan mai abinci.

Wannan ba ya nufin a zura ido tsaki na mutuwa. Akwai kwalin da ke isowa da cuta a cikinsa. Idan aka kai gawar irin wannan tsako Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello aka buɗe, abin a bayyane yake: ciki a kumbure, cibiya ba ta rufe ba, ta yi baƙi ko ja, gwaiduwar da ya kamata ta ƙanƙance tana nan ƙatuwa, ta tsinke ta koma ruwan ƙasa ko kore-kore, ga ɗoyi. Wasu kuma farin kashi ne ke manne musu a dubura har ya toshe ta. Irin waɗannan suna bukatar magani, amma wanda likita ya zaɓa, in da hali bayan an gwada a ga wanne ne ke kashe ƙwayar. Wanda ya riga ya ƙona maganinsa a kan lafiyayyu yakan tarar ranar bukata maganin ya daina ci.

Da yawa daga mutuwar makon farko ma ba ta cuta ba ce tun asali, ta sanyi ce da ƙishirwa da yunwa. Tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya kai wajen mako biyu, yana bukatar digiri 32 zuwa 35 a inda yake tsaye a kwanakin farko. Wanda ya san asubahin hunturu a Samaru ya san kurfoti ɗaya da gawayinsa ya mutu da ƙarfe uku na dare ba zai ba da wannan ba. Tsakon da ke jin sanyi dunƙulewa yake cikin 'yan'uwansa ya ƙi zuwa wajen abinci, wanda bai ci ba kuma hanjinsa a tsaye yake, mazaunansa ma haka. Akwai gwajin da bai cin ko sisi: washegarin saukarsu a kama tsaki ashirin ko talatin daga kusurwoyi dabam-dabam, a shafa gindin wuyansu da yatsa. Jakar da ta cika ta yi laushi, ya ci ya sha. Mai tauri da ake jin tsakin abinci a ciki, ya ci bai sha ba. Wadda ta lafe babu komai, bai fara ba. Bayan awa 24 ya kamata kusan dukansu su kasance a rukunin farko.

Kada kuma wani ya ji labarin Finlan ya je ya kwaso kashin kazar gida ya dama wa tsakinsa. Uwa tana ba da mazauna masu amfani, tana kuma ba da abin da take ɗauke da shi: Salmonela mai jawo farin kashi da taifod na kaji, wadda har ta cikin ƙwai take bi, da ƙwan tsutsar ciki, da koksidiya mai cutar da hanji, ga cutar Nukasil da ke share kajin gida duk hunturu. Kayan da kamfanonin Turai suka yi bisa dabarar Nurmi, irin su Broilact da Aviguard, daga kajin da aka tantance ba su da cuta aka samo asalinsu. Su kuma ƙananan ledojin furobayotik, wato ƙwayoyi masu amfani da ake ba kaji, da suka cika shagunan magungunan dabbobi wani abu ne dabam. Yawancinsu iri ɗaya ne ko biyu ko uku, Laktobasilos ko Basilos ko yis. Masu binciken Brno sun tarar irin waɗannan ba sa kafuwa a sika da ɗura guda, wucewa suke yi, don haka amfaninsu yana tsayawa ne muddin ana ci gaba da bayarwa. Abu ne mai rai, don haka in ban da ta Basilos da ke jure zafi, ledar da ta sha zafin Afrilu a kan kanta tana iya isa gona ba sauran mai motsi a ciki. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe da yawa daga cikinsu, kamar yadda yake kashe rigakafin Nukasil mai suna Lasota da na Gumboro da ake bayarwa a ruwa, haka ma antibayotik yana iya kashe bakteriyar furobayotik idan aka zuba su a mazubi ɗaya, abin da ake yawan yi a ranar farko.